Yajin Shirun Malam Lasifika

A makarantar da ke bayan tashar bas akwai wani malamin tarihi da yara suka laƙaba wa suna Lasifika, sunan kuwa ya bi shi har gidan surukansa. In yana koyarwa a aji shida, 'yan aji ɗaya ma sai sun san wanda ya ci yaƙin. Yana da gashin baki mai kauri da yake murzawa kafin ya fara kowace magana, saboda haka kusan kullum hannunsa na wurin. A ganinsa babu abin da ya taɓa faruwa a duniya wanda bai riga ya hango ba, babu kuma abin da aka yi daidai, tunda ba a tambaye shi ba.

Rigimar ta faro ne ranar da aka dawo daga hutu. Malamai suka tarar mai makaranta ya kwashe kujerun ɗakinsu, ya cika ɗakin da kwalayen yunifom da littattafan da yake sayar wa iyaye, ya maƙala kwaɗo a ƙofa. Su kuwa aka jera musu bencinan yara a ƙarƙashin matakalar bene, inda duk yaron da ya sauko a guje sai ƙura ta zubo musu cikin kofin shayi.

Wadda abin ya fi taɓawa ita ce Goggo, tsohuwar malamar aji ɗaya, wadda ta koya wa rabin iyayen unguwar riƙe fensir. Gwiwoyinta sun gaji. In ta zauna a kan ɗan bencin nan sai mutum biyu sun kama ta kafin ta miƙe, a gaban yaran da take koyarwa, kuma wannan ya fi ciwon ƙafar ci mata rai. Ta faɗa ba da wasa ba cewa in ba a dawo da ɗakin da kujerunsa ba, ita ta gama aiki.

Malamar lissafi, mace mai sanyin magana, ta ce su haɗu su je su yi wa mai makaranta magana.

"Magana?" in ji Lasifika, yana murza gashin baki. "Malama, ai magana ce ta zubar mana da daraja. Ki dubi likita. Ka shiga, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce 'hmm', ka fito kana godiya. Mu fa? Tun safe baki a buɗe kamar masu talla. Wa zai girmama ka? Wa zai ƙara maka albashi?"

"To me kake so a yi?"

"Shiru. Mu zo aiki kan lokaci, mu shiga aji, mu tsaya. Ba magana, ba taɓa alli, ba rubutu ko a takarda. Sai an buɗe ɗakin can, an dawo da kujeru, an duba albashi. Ku a makaranta kaɗai za ku yi. Ni da na kawo dabarar har gida, har kan hanya. Ba zan buɗe baki ba sai an buɗe ƙofar nan."

Goggo ta dube shi daga ƙasa inda take zaune. "Ɗan nan, kai da ko a wurin gaisuwar mutuwa sai an taɓa ka kake tsayawa?"

"Goggo, ba ki san ni ba. Na taɓa yin shirun da sai da aka kira min likita."

"Barci kake yi?"

Aka yi dariya, amma da yake babu wanda ke da wata dabarar, aka amince. Bayaninsa a kan amfanin shiru ya cinye lokacin shan iska kaf, har ya ɗan shiga darasi na gaba.

Washegari, kafin ya gama sa takalmi ya riga ya karya yajin ba adadi. Ya ce shayin ya yi sanyi, ya gyara wa mai karanta labarai a rediyo, ya yi wa kazar maƙwabta faɗa. Da ya ga bakin nan ba zai ji magana ba, sai ya je kemis ya sayo filasta mai faɗi, irin ta manyan raunuka, ya manna daga kumatu zuwa kumatu, har da gashin bakin. Ya huda 'yar ƙofa a tsakiya don zuƙar shayi da romo. Ya dubi madubi, ya ga jarumi.

Matarsa ta zagaya shi sau ɗaya tana dubawa, fuskarta ta yi wani haske da ya daɗe bai gani ba.

"Baban yara, ƙanwata za ta zo da 'ya'yanta su ɗan kwana biyu. In ba ka so ka faɗa."

Ya girgiza kai da ƙarfi.

"Wuyan ne ke ciwo? Sannu. Sannan tsofaffin jaridun nan da suka cika ƙarƙashin gado, zan ba mai shago ya riƙa ƙunshe kaya. Na san da da matsala da ka yi magana."

Ya ɗaga hannuwa biyu sama.

"Addu'a kake min? Amin, na gode."

A ƙofar gida ya yi karo da maƙwabcinsa tela. Tela ya dubi filastar, matar ta leƙo ta yi masa bayani, sai ya ajiye almakashi ya kama hannun Lasifika da hannu biyu.

"Maƙwabci, shekara da shekaru ina son in ba ka labarin ranar da na faɗo daga keke, kullum ina kaiwa kwanar sai ka karɓe da naka. Yau dai Allah ya yi."

Ya fara tun daga ranar da ya sayi keken. Ya bi da shi kwanar, ya faɗi, ya tashi, ya koma ya sake faɗuwa don a fahimta da kyau. Lasifika yana da labarin faɗuwa daga babur wanda ya ninka wannan, kuma labarin ya taso masa har maƙogwaro ya tokare.

A bas ma bai tsira ba. Da aka iso daidai makaranta ya buga rufin motar.

"Malam, ba ganga ba ce," in ji kwandasta. "Mai sauka magana yake yi."

Ya nuna taga, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙofa.

"Zafi yake ji," in ji wata fasinja. "Ku buɗe masa taga, daga asibiti yake, bawan Allah."

Aka buɗe masa taga, aka yi ta yi masa sannu har ƙarshen layi. Da ƙafa ya dawo, ya iso jiƙe da gumi, jagoran yaji ya zama na ƙarshen zuwa.

'Yan aji shida kuwa ba su ɓata lokaci ba wajen gane inda ke masa ƙaiƙayi. Wata yarinya mai idon rashin ji a bencin gaba ta miƙe da ladabi.

"Tunda malam ba shi da lafiya, bari mu yi bita da kanmu. Ni dai na tuna ya ce jirgin sama aka fara ƙerawa, daga baya aka gano jaki."

"A'a," in ji na bayanta. "Cewa ya yi mutanen da da wayar hannu suke kiran juna zuwa yaƙi."

"Haka ne, ga shi ma bai musa ba. Ku rubuta."

Suka sunkuya suna rubutawa. Lasifika ya buga ƙafa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, wani gurnani ya fito ta 'yar ƙofar filastar. Ya fizgi alli ya nufi allo, sai ga malamar lissafi a taga ta ɗaga masa yatsa ɗaya. Dokarsa ce. Ya ajiye allin a hankali, ya juya wa ajin baya, ya ji suna yanke shawarar cewa teku haƙa shi aka yi da shebur.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mai makaranta ko a jikinsa. Mutum ne gajere mai tumbi, mai yawo da tarin makullai a aljihu. Ya zaga ajujuwa hannu a baya, ya saurara, ya yi murmushi.

"Kai, makaranta ta yi tsit kamar ta 'ya'yan manya," ya ce wa maigadi da ƙarfi don kowa ya ji. "Ka ce musu su ci gaba, ciwon kaina ma ya tafi."

Har baƙi ya riƙa kawowa yana nuna musu tarbiyya. Kwanaki suka tafi a haka, jikin malamai ya yi sanyi. Wasu suka fara duban Lasifika da irin kallon da ba ya buƙatar fassara, Goggo kuma kullum sai an ɗaga ta.

Wata rana bayan an tashi, Lasifika ya ga ƙofar ɗakin malamai a buɗe, an shigo da sababbin kwalaye. Shi a ransa nasara ta riga ta zo, saura rabon wuri. Ya lallaɓa ya shiga don ya zaɓi inda kujerarsa za ta zauna kafin wani ya riga shi. Yana can bayan kwalaye yana auna kusurwar taga da taku, maigadi ya zo ya ja ƙofa ya danna kwaɗo.

Lasifika ya ruga ya buga ƙofar.

"Wane ne?" in ji maigadi.

Shiru.

"Na ce wane ne? In mutum ne ya yi magana."

Ya ƙara bugawa.

"To, mai bugu ba ya magana, wannan ɓarawo ne."

Maigadi ya fita da gudu. Ba a jima ba harabar ta cika da direbobin tasha, da masu shaguna, da iyaye matan da suka zo ɗaukar yara. Daga ciki Lasifika ya ji ana cewa a kawo sanda, wani yana cewa a bar masa ƙafafun. Jarumtar ta zube. Ya haye tarin kwalaye zai ɓuya a sama, tarin ya rushe da shi, igiyoyin da aka kwance daga kayan suka nannaɗe masa hannu da ƙafa, kuma duk motsin da ya yi sai su ƙara kama shi.

Aka buɗe ƙofa, sanduna a sama. Ga malamin tarihi kwance a ƙasa, ɗaure da igiya, baki manne da filasta, ido ya yi ja.

Sandunan suka sauka a hankali.

"Subhanallahi," in ji wata uwa. "Wa ya kulle shi a nan?"

"Ni ne," in ji maigadi. "Amma mai makaranta ne ya ce in kulle."

Gaskiya ya faɗa, don kullum haka aka umarce shi ya yi da yamma. Sai dai babu wanda ya tsaya jin sauran. Wani direba ya kai hannu zai ɓare filastar, Lasifika ya dafe ta da tafuka biyu.

"Kun gani? Tsoro ya hana shi. An yi masa kashedi."

Kafin ya isa gida labarin ya riga shi, ya ma yi ƙiba a hanya. An ce tun shekaranjiya yake ɗaure. An ce don ya nemi haƙƙin malamai ne. Tela da kansa ya rantse ya ga shatar bulala. Lasifika ya zauna a tsakar gida cikin 'ya'yan ƙanwar matarsa masu tsalle a kan katifarsa, ana ta shigowa jaje, shi kuwa daɗi na ratsa shi. Abu ɗaya ne ya dame shi: duk masu zuwa tausayi suke kawowa, babu mai yabon dabara.

Da safe iyaye suka cika zauren taro har waje. Malamai suka jeru a gaba, Goggo a tsaye ta dafa bango. Mai makaranta yana share gumi yana rantsuwa.

"Wallahi ban ɗaure kowa ba. Ga malaman nan, ku tambaye su. Malama, ke mai gaskiya ce, ki faɗa musu."

Malamar lissafi ta ɗaga kai tana nazarin silin. Ai suna cikin yaji.

Shugaban iyaye, wani tsohon direban babbar mota mai murya kamar ƙaho, ya miƙe. "Mun ji abin da ya ishe mu. Malaman 'ya'yanmu a ƙarƙashin bene kamar tsofaffin tayoyi? Matar da ta koya min rubuta sunana a kan bencin yara? Ko ka buɗe musu ɗakinsu yau, ka dawo da kujeru, ka zauna da su a kan albashi, ko kowa ya kama hannun ɗansa mu fita."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Mai makaranta ya dubi ƙofa, ya dubi iyaye, ya ga kasuwarsa tana shirin fita da ƙafarta. Ya yi wa maigadi alama, aka ɗauko wata kujera mai laushi daga ofishinsa aka ajiye wa Goggo. Ta zauna a hankali, ta jingina bayanta, ta lumshe ido. Shi kuma ya zaro tarin makullai, ya fara cire na ɗakin daga zobe.

Da shugaban iyaye ya yi shiru a nan, da an gama. Amma shi ma yana son jin muryarsa.

"Kafin in karɓa, dole mu yaba wa wadda ta tsara wannan yaji. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san aikin malamar lissafi ne, aikin masu kwanya." Aka yi tafi. "Shi kuwa wannan bawan Allah," ya dafa kafaɗar Lasifika, "duk mun san shi. Surutu ne kawai, ba dabara, ba mugunta. Irinsa ne ake kamawa cikin sauƙi. A ce mutum da girmansa an ɗaure shi kamar akuya, ko motsi bai iya ba."

Mata suka ce wayyo. Lasifika ya kai hannu ga filastar. Ya dubi malamar lissafi, ta girgiza masa kai a hankali. Ya ji an ja bakin rigarsa, ya duba, Goggo ce ta riƙe da ƙarfi, idonta na roƙonsa. Makullin ya fita daga zobe, mai makaranta ya miƙo shi, hannun shugaban ya taso zai karɓa.

"Kuma ku yi masa uzuri," shugaban ya ƙara. "Ba kowa Allah ya ba basira ba."

Lasifika ya fizge filastar. Rabin gashin bakin ya tafi da ita, ya saki ƙarar da ta kori tsuntsaye daga rufin.

"Ni za a ɗaure? Wa ya isa?" Muryar da ta yi kwanaki a tsare ta fito gaba ɗaya. "Da ƙafata na shiga ɗakin nan! Filastar ni na saya, ni na manna. Igiyar ma ni na... ni na tsara ta haka. Yajin nan daga farko har ƙarshe daga kan nan ya fito. Malamar lissafi cewa ta yi a je a yi roƙo."

Hannun mai makaranta ya tsaya a iska, sannan ya fara komawa baya a hankali.

"Ci gaba, malam," ya ce da murya mai daɗi. "Muna jin ka. Wato ba ni na ɗaure ka ba?"

"Kai? Ko a mafarki. Kuma bari ku ji, waɗannan da kuke gani duk sun sare, gobe ma da sun koma aji ko ba a ba su komai ba. Ni kaɗai na riƙe su."

Makullin ya koma aljihu.

Wani ya fara dariya a baya, dariyar ta bazu. Uwar da ta fara ganin sa a ɗaure ta ce ita har kuka ta yi, a mayar mata da hawayenta. Direban da ya ɗauko sanda ya ce ya yi nadamar ajiye ta. Shugaban iyaye ya kakkaɓe hularsa ya ce shi da furfurarsa ba za a mai da shi abin wasa ba, ya fita, jama'a suka bi shi. Lasifika bai lura ba, ya kai ga bayanin yadda dabarar ta zo masa tun yana ɗalibi, jini na ɗigowa daga leɓensa na sama.

Maigadi ya matso wurin Goggo, kai a ƙasa. "Goggo, ki yi haƙuri. An ce in mayar da kujerar."

Washegari makaranta ta dawo da hayaniyarta. Lasifika ya iso ƙarƙashin bene da leɓe a aske, ya tarar da malamai a kan bencinansu suna hira.

"Jama'a, na gano inda kuka yi kuskure," ya ce. "Ina da sabuwar dabara."

Hirar ta tsaya cak. Malamar lissafi ta ci gaba da juya shayinta. Ya juya ga maigadi da ke wucewa, maigadi ya ɗora yatsa a baki ya yi gaba.

Goggo tana kan ɗan bencinta tana zuba kayanta cikin jaka: kofinta, da tabarau, da gwangwanin da take tara guntayen fensir. Da ta gama ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Lasifika ya yi sauri ya miƙa mata hannu.

Ta dubi hannun, ba ta kama ba.

"Ba hannu na roƙe ka ba, ɗan nan. Baki na so ka riƙe min, na ɗan lokacin da mutum zai miƙa makulli."

Ta dafa bango, ta miƙe da kanta da ƙyar, ta rataya jakar. Ta bi ta gaban aji ɗaya, yara suka taru a taga suna kiran ta, ta ɗaga musu hannu ba ta tsaya ba, ta nufi ƙofar fita. Lasifika yana nan tsaye da hannunsa a miƙe, kuma babu wanda ya ce masa ya sauke.